Jifa ko cefane? Abin da za ka duba kafin ka zaɓi hanyar fitar da makin jaruminka

Mu biyar ne muke zama daren Asabar a wani zaure a Arkilla, bayan isha'i, muna wasan Dungeons & Dragons. Wanda bai san shi ba, wasa ne na labari: mutum ɗaya yana jan labarin, sauran kowa ya shiga rigar jarumin da ya ƙirƙira. Kafin a fara sai kowane jarumi ya samu maki a siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Sababbin 'yan wasa a nan Sakkwato sukan tambaye ni wace ƙwayar jifa (irin ta ludo) za su saya, wane littafi za su nema. Ni kuwa abin da nake so su fara tambaya shi ne ta wace hanya za a fitar da waɗannan lambobi shida, domin minti goma ne aikin, amma wata shida za a yi ana zaune da sakamakonsa.

Makin da kansa ba shi ke aiki ba. Gyaran da ke biyo shi ne ke aiki, kamar gyaran mai awo. Mai 10 ko 11 ba shi da ƙari ba shi da ragi. Mai 12 ko 13 ana ƙara masa 1, mai 14 ko 15 ana ƙara 2, mai 16 ko 17 ana ƙara 3, mai 18 ana ƙara 4, mai 8 ko 9 kuwa a rage masa 1. Wannan gyaran ake ɗorawa kan ƙwaya mai fuska 20 duk lokacin da jarumi zai kai sara ko ya haura katanga ko ya shawo kan sarki, kuma kowane 1 kashi 5 ne cikin ɗari na samun nasara. Ka riƙe wannan, da shi za ka auna duk hanyoyin.

Hanyar asali ita ce ta 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka. Ƙwayar ludo uku za ka jefa, irin mai fuska shida da ake samu a kowane shagon kayan wasa, ka haɗa jimla ka rubuta a siffa ta farko, ka sake jefawa ka rubuta a ta biyu, haka har shida, ba canjin wuri. Maki yana faɗowa tsakanin 3 da 18, matsakaicinsa 10.5, kuma 18 sau ɗaya take zuwa cikin 216. A wannan hanya ba kai ke zaɓen jarumi ba, shi ke zaɓenka. Ka zo da niyyar mayaƙi, sai ka tashi da ƙarfi 7 da hikima 15. Ina sonta ƙwarai a wasan dare ɗaya, inda jarumi ko ya mutu ba a yi asara ba, domin tana tilasta wa mutum ya taka rawar da bai taɓa tunani ba. Amma an gina ta ne don tsohon wasan, wanda maki bai cika tasiri a cikinsa ba. Kada ka kawo ta cikin bugu na biyar na 2014 ko sabon gyaransa na 2024 in labarin mai tsawo ne.

Wadda ta fi shahara ita ce jifa huɗu a jefar da ƙarama. Ka jefa ƙwaya huɗu, ka cire mafi ƙanƙanta, ka haɗa ukun da suka rage. Ka yi haka sau shida, sannan ka raba lambobin yadda kake so. Tun littafin jagoran wasa na 1979 take, kuma har yau tana cikin littafin 'yan wasa. Matsakaicinta ya haura 12 kaɗan, lambar da ta fi fitowa ita ce 13, kuma 18 tana zuwa sau 21 cikin 1,296. Daɗinta ba ya ɓoyuwa. Zauren kan yi tsit, kowa ya zuba ido, in 17 ta fito a yi ta shewa har mai shayin bakin titi ya leƙo.

To ga kuɗin da ake biya. Fiye da rabin masu jifa, wajen 57 cikin ɗari, za su samu aƙalla lamba ɗaya daga 16 zuwa sama. Sauran ba za su samu ba. Kuma kusan mutum uku cikin goma za su kwashi aƙalla lamba ɗaya daga 7 zuwa ƙasa. Ke nan a zaman mutum biyar, da wuya a tashi ba a samu mai ƙiba da mai rama ba. Na gani da idona. Wani ƙanenmu, ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya jefa, babbar lambarsa 12; na kusa da shi ya samu 18 da 16. Tsakanin gyaran 4 da gyaran 1 akwai kashi 15 cikin ɗari a kowane sara, kowane dare. Mako na huɗu ya ce mini, "Yaya, wanga jarumi nawa ɗan rakiya ne kawai." Mako na shida bai zo ba, kuma daga Dundaye yake tahowa a cikin zafin watan Afrilu, ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Abin ya dame ni har yau, domin babu laifin da ya yi, jifar minti biyu ce ta raba shi da wasan.

Daga nan na koma ga jerin da littafi ya yanka: 15, 14, 13, 12, 10, 8. Kowa shi zai ɗauka, ya sa babbar inda yake so, ƙaramar inda zai iya jurewa. Ɗinkakkiyar riga ce, ka saya ka saka. Jimlarta 72, jifa huɗu kuma a matsakaici tana ba da 73 da 'yan kai, don haka ba a cuce ka ba. Ga baƙon wasa babu kamarta, minti biyu an gama. Aibinta ɗaya, duk mayaƙan da aka ɗinka da ita kamanninsu ɗaya, wanda ya daɗe yana wasa zai gaji da ita.

Cefanen maki shi ne ka sayi yadi ka kai wa tela. Ana ba ka maki 27, kowace siffa tana farawa daga 8 kyauta. Daga 9 zuwa 13 kowane hawa maki ɗaya ne, wato 13 tana cin 5. Daga nan farashi ya tashi: 14 tana cin 7, 15 tana cin 9, kuma ba a sayar da abin da ya wuce 15. A wannan tsadar ta ƙarshe hikimar hanyar take. In ka ce sai 15 uku, kuɗinka ya ƙare, sauran ukun 8 za su zauna, jaruminka ya zama gwani a rabi, gurgu a rabi. In ka fi son daidaito, 13 uku da 12 uku su ma 27 ne cif. In ka lissafa jerin littafi ma, 9 da 7 da 5 da 4 da 2, za ka ga 27 ɗin ne; wani ne kawai ya yi maka cefanen. Sannan kada 15 ta ba ka haushi, domin bayan cefane akwai ƙarin da asalin jarumi ke bayarwa, wanda a littafin 2014 daga jinsinsa yake zuwa, a na 2024 kuma daga tarihin rayuwarsa, har 15 ta koma 17. Abin da hanyar ke ci shi ne lokaci. Mai son lissafi zai iya cinye rabin dare yana cire ɗaya nan yana sa wa can, don haka ni nakan ce kowa ya yi nasa a gida ya turo ta WhatsApp kafin Asabar. Hakan ma ya kashe wata rigimar, ta mutumin da zai zo da takarda ya ce a ɗakinsa ya jefa 18 biyu. A cefane kowa na iya duba lissafin kowa. Ba banza ba ne wasannin hukuma na Adventurers League, inda baƙi ke haɗuwa da baƙi, ba sa karɓar jifa.

Akwai ta tsakiya ga zauren da ba ya son rabuwa da ƙarar ƙwaya a kan faranti. Kowa ya jefa huɗu sau ɗaya a gaban jama'a, mai jan labari ya cike abin da ya rage har lambobi su kai shida, sai duk zauren su yi amfani da jerin nan guda. In ya yi kyau kowa ya ci, in ya yi muni kowa ya sha, mai jan labari kuma ya daidaita ƙarfin abokan gaba da abin da ya fito. Ba ta cikin littafi, dokar gida ce, amma mun gwada ta a gajeren labari ta yi mana daɗi.

In masu Pathfinder ne ku, wato wani wasan labari mai kama da wannan, ku lura cewa cefanen bugunsu na farko na 2009 daga 10 yake farawa ba daga 8 ba, kuma farashinsa daban, kada ku ɗauki teburin wani wasan ku kai wani.

Mu dai a zaurenmu labarin da muke ciki yanzu zai kai mu bayan damina, kuma da cefanen 27 muka fara shi. Sabon da ya shigo makon jiya, ɗan Mabera, jerin littafi na miƙa masa, na ce in ya yi zama uku ya gane jaruminsa, yana da damar ya warware ya sake cefanen da kansa.