Keken cyclocross na gwanjo a Madina: bari a auna ka kafin ka biya

Masu tambaya wane keke ne zai iya kwaltar Accra kuma ya iya jar ƙasar bayan gari, ni dai cyclocross zan ce, amma fa sai in ya yi daidai da jikinka. Nawa na gwanjo ne, firam ɗin alminiyom, a wani ɗan shago nan Madina ta Accra na ɗauko shi.

Asalinsa keken tsere ne, a Beljiyam da Holan aka fi yinsa lokacin sanyi, cikin laka da yashi, wani wurin ma sai mutum ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya ruga da shi. In ka hango shi sai ka ce keken tseren kwalta ne, hannu lanƙwasasshe, taya 700c (girman tayar keken kwalta), amma an bar fili kewayen taya don kar laka ta cushe, kuma wajen feda ya ɗan ɗaga sama. To wannan ɗagawar ce ke ruɗa mutane, don sau da yawa lambar girman firam 54 ɗinsa ta fi 54 na keken kwalta tsayi, ka saya da lamba kawai ka zo kana ɗingishi a kai.

Abin da ya burge ni da Alhajin mai shagon kenan. Ina ta kallon wani ja mai sheƙi, ko kula ni bai yi ba, cewa ya yi "ɗana cire takalmi ka jingina da bango." Ya sa littafi tsakanin ƙafafuna, yaronsa ya ja tef daga ƙasa, santimita 82. Ya danna waya ya ninka da 0.883, ya fito 72 da ɗan kai, ya ce tsayin sirdi kenan daga tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa. Sannan ya sa na tsaya keken na tsakanin ƙafafuna, ya ce in ba a samu filin yatsu biyu ko uku tsakanina da ƙarfen sama ba ya yi min yawa, ranar da na diro a gargada zan gane. Jan nan bai ci wannan gwajin ba. Wanda ya ba ni kuma hannun ya ɗan yi min nisa har gwiwar hannuna na miƙewa sar, nan take ya kwance ƙarfen da ke riƙe hannun ya sa gajere, bai ƙara ko sidi ɗaya ba. Ya kuma ce in juya kan keken a hankali in ga ko takalmina na taɓa tayar gaba, ƙananan firam suna yin haka.

A hanya kuwa, daga Adenta zuwa Oyarifa lafiya lau yake tafiya, in ka bar kwalta ka faɗa burji ma ba ruwansa, inda siririyar taya za ta yi ta santsi shi wucewa yake. Hawan Ayi Mensah zuwa Peduase ne ya ba ni wuya, giyarsa ta 'yan tsere ce, haƙora 46 da 36 a gaba, bayan ma babbar mai haƙora 28 ce. Wallahi cinya na yaji. Mai niyyar Aburi ya nemi 32 a baya, amma ya fara tambaya ko abin canjin giyar zai ɗauka.

Taya kuma, dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ita ta tsayar da faɗi a milimita 33, mu ba tsere muke ba, in firam ya ɗauki 35 ko 38 saka abinka, bayanka zai gode maka. Mai manyan haƙora kuka take a kwalta kuma tana saurin cinyewa, gara mai ƙananan haƙora. Birkina na faifai ne mai waya, na fi son sa da mai aiki da mai, don waya kowane bakanike a Nima zai gyara maka. Tsofaffin, musamman na kafin 2010 da aka halatta faifai a tsere, birkin rim ne mai matse ƙarfen taya, ranar ruwa sai ka matse da wuri. Bawul ɗin ma siriri ne, famfon masu faci baya kama shi, sayi ɗan adafta ka jefa a aljihu tare da tub ɗaya.

Shagon ba wai ba shi da aibu ba. Matsattse ne, kekuna a kan juna, ba farashi a rubuce sai ciniki, kuma in ka fita da kaya shi kenan. Gajeru ma zaɓinsu kaɗan ne, yawanci 56 zuwa sama ake saukewa. Ka zo da rana ka goge firam ka duba wajen walda ko akwai tsagewa, na kabon kam ni ba zan saya a gwanjo ba. In kuma za ka ɗaura kariyar ɗaukar kaya ko madogad duba ko akwai ramukan noti, wasu na tseren zalla ba su da shi, nawa na baya kawai gare shi.