Odar selenait da na yi a intanet: kaya huɗu, ɗaya gilashi ne

Ni dai tun ina yaro in na ga dutse mai ƙyalli sai na ɗauka na sa a aljihu, to da girma ya zo sai abin ya koma saye. Kwanakin baya na yi odar kaya huɗu daga wani shagon intanet mai sayar da duwatsun ado, dukkansu an rubuta musu selenait: wata sanda fara mai tsawon kamu ɗaya, wani fallen dutse garai-garai kamar gilashin taga, wani dunƙule mai kama da fure, sai 'yar ƙaramar zuciya shuɗiya ta ratayawa a wuya. Ba zan kama sunan shagon ba, abin da nake so shi ne wanda zai saya ya san me zai duba in kaya sun iso hannunsa.

Wajen naɗe kaya kam sun yi ƙoƙari, kowanne an nannaɗe shi da soso daban, ba abin da ya karye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne don dutsen nan laushi gare shi sosai. Selenait ba komai ba ne illa wani nau'in jifsam, wato dutsen da ake gasawa a niƙa a yi filastar ɗaurin karaya da silin ɗin POP. A ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, jifsam yana kan 2, farcen mutum kusan 2.5, gilashi wajen 5.5, dutsen kuwaz mai kama da gilashi kuma 7. Kenan gwajin farko yana jikin yatsanka. Ka samu wani lungu a ƙasan dutsen ka danna farce ka ja, in jifsam ne za ka ga layi ya fito har da ɗan farin gari.

Da sandar na fara. Farce ya kama ta nan take, ba gardama jifsam ce, amma fa ba selenait ba ce. Da na juya ta a hasken taga sai na ga jikinta duk zare-zare ne a jere kamar an ɗaure siliki an busar, ga wani layin haske yana bin hannu yana yawo kamar idon mage, kuma ba ka ganin komai ta cikinta sai fari kamar madara. Wannan shi ake kira satin sifa, kuma yawancin sanduna da hasumiyoyi da fitilun da ake tallatawa da sunan selenait shi ne, da yawansu daga Maroko ake haƙo su. Sinadarinsu ɗaya da selenait, uwa ɗaya uba ɗaya, yadda suka tsiro ne ya bambanta, shi wannan ya fito zare-zare, wancan ya fito falle-falle. Tana da kyau wallahi, ina son ta, kawai dai ba ita aka ce min za a kawo ba. A kula da bakinta kuma, wani siririn tsinke ya shige min yatsa da na shafa ta, sai da na sa hantsaki na cire.

Fallen nan shi ne ya biya ni. Na ɗora shi a kan rubutu na karanta tsaf ta cikinsa, in ka kalle shi ta gefe kuma sai ka ga hawa-hawa kamar shafukan littafi a rufe. A wata kusurwa wani ɓawo ya ɗan ɗago, na ɓare shi da farce na lanƙwasa a hankali sai ya tsaya a lanƙwashe bai dawo ba, kuma haka jifsam yake yi, da maika ce, wani dutse mai falle-falle irinsa, da ta miƙe ta koma yadda take. Ga shi ba sanyi a tafin hannu irin na gilashi. Na daɗe ina kallonsa da dare da fitilar waya, nan na gane dalilin da aka samo sunansa daga kalmar Girkawa ta wata, hasken ba ya kashe ido, a hankali yake fitowa. Irinsa ne Romawa a zamanin da suke haƙowa a Sifen suna sawa a taga, kuma irinsa ne a kogon nan na Naica a Meziko da masu haƙar ma'adinai suka faɗa cikinsa a 2000, wajen mita 300 a ƙarƙashin ƙasa, inda wani ginshiƙin ya haura mita 11.

Dunƙulen nan mai kama da fure, wato furen hamada, ba dogon zance, jifsam ne da ya tsiro cikin yashi ya haɗiye shi, shi ya sa yake da launin ƙasa da kaushi. Akwai na wani dutse da ake kira barait mai irin wannan siffar amma shi nauyinsa ya kusa ninka na jifsam, nawa bai da nauyi kuma farce ya kama gefen ganyensa.

Zuciyar ce ta ɓata min rai. Tun da na ɗauke ta na ji sanyi a hannu, na sa farce sai santsi yake yi, na danna da ƙarfi ko alama babu. Na haska fitila ta bayanta sai ga wasu ƙananan kumfa zagayayyu guda biyu a ciki, irin iskar da ke maƙalewa in an narka gilashi an zuba. Ga shuɗin ya yi kauri iri ɗaya ko'ina ba inda ya fi wani. Selenait fari ne ko garai, wani lokaci da ɗan rawaya ko ruwan goro ko ruwan ƙasa, in ka ga shuɗi shar ko ruwan hoda mai ɗaukar ido to ko rini ne ko ba shi ba ne kwata-kwata. Na ɗiga mata ruwan khal ko da dutsen kalsait ce, don shi yakan ɗan yi kumfa, shiru. Gilashi ne.

Na tura musu saƙo da hotuna, washegari suka amsa cikin mutunci, suka ba da haƙuri suka maido min kuɗin zuciyar ba tare da ja-in-ja ba, wannan na yaba. Maganar sandar kuma suka ce ai kowa a kasuwa haka yake kiranta. Gaskiya ne haka ake yi, amma mai saye yana da haƙƙin ya san sunan abin da ya biya, kalma biyu ce kawai za su ƙara a talla, kuma har jiya da na leƙa ba su gyara ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne 'yar takardar da suka saka a kwalin wai a riƙa wanke duwatsun da ruwa. Don Allah kar wanda ya yi haka. Jifsam yana narkewa a ruwa a hankali, wajen giram 2 a lita ɗaya, ba zai ɓace a idonka ba amma ƙyallin zai dushe fuskar ta yi kaushi, kuma ba ya dawowa. Zafi ma ba ya so, don kusan kashi 21 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikinsa, in ya gasu sai ya yi fari ya fara zama gari. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.

Zan iya sake sayen falle ko furen hamada a wurinsu, abin wuya kam a'a. Kuma kafin in biya sai sun turo min bidiyon dutsen a kan rubutu, da wani suna jan farce a gindinsa.