Zaman sharhin ƙwallon kwando na Nima kan Cooper Flagg: kuɗin ya halatta, amma Koci ya cika son yaron

Masu ta tambaya ko zaman nan da ake yi daren Asabar a gidan kallon da ke bayan kasuwar Nima a Ankara (Accra) ta Ghana ya cancanci sidi goman da ake karɓa a ƙofa, to eh ya cancanta, in dai kai mai son ƙwallon kwando ne da gaske ba mai kallon dank na sakan goma a TikTok ba. Wurin asali na ƙwallon ƙafa ne, Firimiya da Champions League, sai an watse daga wasan ƙarshe sannan a juya furojekta zuwa kwando, wani bawan Allah da kowa ke ce wa Koci ya karɓi rimot. Tsohon ɗan wasa ne, dogo siriri, gwiwa ta ajiye shi, yanzu yana koyar da yara da yamma. Tun da aka gama gasar jami'o'in Amurka a Afrilun 2025 ya shiga ɗauko yaran da za a zaɓa a diraf ɗin NBA, wato taron da ƙungiyoyin babbar gasar kwandon Amurka ke zaɓar sababbin 'yan wasa bi da bi, ɗaya bayan ɗaya yana feɗe su. Diraf ɗin 2025 an sa shi ne 25 ga Yuni a Brooklyn, kuma zaman da ya fi cika shi ne na Cooper Flagg, yaron jami'ar Duke, har daga Mamobi da New Town da Madina Zango mutane suka zo.

Bari in fara da laifin wurin in huta. Zafi. Fanka biyu ce a sama, ɗaya tana juyawa ne kawai don kar a ce ta mutu, bencina kuma na katako ne ba majingina, in ka yi awa biyu sai bayanka ya gaya maka. Ana cewa ƙarfe goma za a fara, amma kar ka yarda, sai 'yan Chelsea da 'yan United sun gama musunsu sun fita tukuna. In an ɗauke wuta akwai janareta, sai dai ƙararsa na danne muryar Koci, na baya ba sa jin komai sai su koma hira. Shayi da ƙosai na bakin ƙofa dai ba laifi, kuma ana karɓar MoMo.

Abin da kake biya wa shi ne mutumin ba ya nuna hailait. Ya ce hailait kwandon tumatir ne na kasuwa, manyan jajaye a sama, ruɓaɓɓun a ƙasa, shi kuma aikinsa ya zazzage kwandon a gabanmu. Sai ya sa wasa ɗungurungum, ya riƙa tsayarwa yana mayarwa baya, da wata sandar tsintsiya a hannu yana nuna ƙafar yaro a jikin allo, inda ya tsaya lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, wa yake kallo, ya juya kai ko bai juya ba. Wallahi akwai abin da shekara da shekaru kana kallo ba ka taɓa lura da shi ba sai an tsayar maka da hoton.

Kafin bidiyo sai da ya karanto mana takardar yaron. An haife shi 21 ga Disamba 2006 a wani ɗan ƙaramin gari Newport a jihar Maine, ya yi sakandare a Montverde ta Florida, ya tsallake shekara ɗaya ya shiga Duke da wuri, wato yana da 17 ya fara buga wa jami'a. A kakar 2024-25 maki 19.2 yake ci a kowane wasa, ribawun (cafe ƙwallon da ba ta shiga kwando ba) 7.5, fas ɗin da aka ci da shi 4.2, ƙwace 1.4, bulok (tare jifa) 1.4, kuma a duk biyar ɗin nan shi ne kan gaba a Duke. Jifan maki uku kashi 38.5 cikin ɗari, jifan kyauta kashi 84. A Janairu ya zuba wa Notre Dame 42, abin da wani ɗan shekarar farko bai taɓa yi ba a ACC, rukunin jami'o'in da Duke ke ciki. Kyautar Wooden da ta Naismith, na gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, duk ya kwashe. Da aka auna su a Chicago a Mayu, ba takalmi ya kusa ƙafa 6 da inci 8, in ya ware hannu ƙafa 7, nauyi wajen kilo 100. To duk wannan kowa zai iya samu a wayarsa, ba shi ya kawo mu ba, kuma shi ma Koci bai ɓata lokaci a kai ba.

Inda ya zauna sosai tsaro ne, kuma nan ne na gamsu. Ya nuna wani wuri da ɗan wasan Duke ya bari aka wuce shi, Flagg yana can ɗaya gefen yana tsare nasa mutumin, amma tun kafin mai ƙwallon ya yi taku na biyu ya riga ya saki nasa ya taho, ya iso ƙarƙashin kwando daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannu. Koci ya mayar baya sau wajen huɗu yana cewa ku bar kallon tsallen, ku kalli lokacin da ya yanke shawara, tsalle kowa na da shi a NBA. Sannan ya nuna shi yana tsare gajere mai sauri a waje, can kuma an bar shi da ƙaton senta ya riƙe. Hujjarsa ita ce yaron da zai iya wannan ba zai taɓa zama a benci ba ko da jifansa ya ƙi shiga wata guda, saboda koci na buƙatarsa a fili ko bai ci ko maki ɗaya ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ga kuma abin da ya faru a Las Vegas a Yulin 2024, da aka kira shi cikin yaran da za su yi wa tawagar Amurka ta Olamfik atisaye, ya tsaya gaban su LeBron James da Anthony Davis bai ji tsoro ba, yana da 17.

Jifa ma ya yi bayani mai ma'ana. Farkon kaka na nesa ba ya shiga masa sam, daga baya ya gyaru. Wani yaro daga baya ya ce ai sa'a ce, Koci ya ce a'a ɗan'uwa, duba jifan kyauta, wanda ke cin 84 a layi hannunsa lafiya lau yake, nisa ne kawai zai saba da shi. Kuma nisan zai ƙaru, layin maki uku na jami'a ƙafa 22 ne da 'yan kai, na NBA a sama ƙafa 23 da inci 9. Agogon hari ma daga sakan 30 zai koma 24, wasa daga minti 40 ya koma 48, sannan wasa 82 a kaka maimakon 37 da ya buga a Duke, yau kana Texas gobe kana Boston. Wannan lissafin Koci ya yi shi tsaf, ba shi da matsala a nan.

Matsalata da shi ta fara ne da muka zo kan wasan kusa da na ƙarshe da jami'ar Houston. Duk wanda ya hana idonsa barci daren 5 ga Afrilu, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, ya san abin da ya faru a San Antonio, mu nan Ankara sai wajen ɗayan dare aka fara. Duke na gaba da 14 saura kamar minti takwas, suka tsaya kamar an ɗaure su, Houston ta cinye 70 da 67. Flagg ya ci 27, ba wanda zai ce ya ɓuya. Amma sakan na ƙarshe fa, an busa masa laifi a wajen ribawun, J'Wan Roberts ya ci jifan kyauta biyu Houston ta wuce da ɗaya, aka ba Flagg ƙwallo, ya kutsa, ya juya baya ya yi jifan nan na faɗuwa baya Roberts na manne da shi, ƙwallo ta bugi gaban ƙarfe. Koci ya nuna wurin sau ɗaya tak, ya ce alƙalin wasa ne ya cuce shi, zai wuce. Mutumin da ya mayar da bulok baya sau huɗu! Sai da wani dattijo da ke zama gaba kullum, Alhaji muke ce masa, ya ce Koci don Allah mayar mana, mu ma kuɗi muka biya. Da aka mayar a hankali sai ga shi ƙarara, bai samu tazara ba, mai tsaronsa bai ruɗu da komai ba, jifan dole ne ya yi ba na zaɓi ba. Kuma ba ranar aka fara ba, a Nuwamba da Kentucky a Atlanta ya ci 26 amma sau biyu ƙwallo ta kuɓuce masa a sakan ɗin ƙarshe, Duke ta faɗi 77 da 72. Koci bai ko kawo wannan wasan ba, mu muka tuna masa.

Ni a ganina nan ne duk maganar take. Ba wanda ke shakkar yaron zai yi shekara goma sha a NBA in Allah ya ba shi lafiya. Tambayar ita ce shi ne wanda za a miƙa wa ƙwallo saura sakan takwas kowa ya matsa gefe, ko kuwa shi ne na biyun da ke yin komai da komai a gefen wancan. Dirbul ɗinsa har yanzu yana ɗan yin sama in an matse shi, in ya juya a cunkoso ƙwallo na nisa da jikinsa. A diraf ɗin 2025 shekararsa 18, in aka ɗauke shi na ɗaya tun LeBron a 2003 ba a ɗauki mai ƙarancin shekaru kamarsa a wannan matsayi ba, saboda haka lokaci na gefensa kuma ina kyautata zaton zai gyara. Amma mai sharhi da aka biya ya kamata ya faɗi haka da bakinsa, ba ya tsaya yana kiran Larry Bird, tsohon gwarzon Boston Celtics, ba. Haba Koci. Don yaro fari ne daga can arewa maso gabas kuma gidansu 'yan Celtics ne shi kenan ya zama Bird? In dole sai an kamanta, Scottie Pippen ko Andrei Kirilenko mai jifa ya fi kusa da abin da muka gani a allon.

Abin mamaki shi da kansa ya ba mu darasin da ya kamata ya sa shi taka-tsantsan. Ya kawo Greg Oden da Portland ta ɗauka a 2007 ta bar Kevin Durant, gwiwa ta gama da shi. Anthony Bennett na ɗaya a 2013, a shekarar da Giannis ya zauna har na 15. Jokic, duk da girman da ya yi daga baya, na 41 a 2014. Hasheem Thabeet na Tanzaniya na biyu a 2009, Siakam na Kamaru kuwa na 27 a 2016. Har namu ya taɓo, Ben Bentil da ya ci maki sama da 21 a wasa a Providence, Boston ta ɗauke shi na 51 a 2016, ya ɗan taka wa Dallas wasanni kaɗan daga nan sai Turai, da Amida Brimah ɗan Ankara da ya ɗauki kofi da UConn a 2014 amma ba a kira sunansa a diraf ba. Ɗakin ya yi tsit a wannan wurin, don da yawa cikin yaran da ke zaune mafarkinsu ke nan. Ya yi kyau da ya gaya musu gaskiya ba ado.

Kan Dallas, ƙungiyar da ta samu zaɓin farko, bai daɗe ba, kuma ban ga laifinsa ba, an riga an gaji da labarin. Sun ba da Luka Doncic ga Lakers a Fabrairun 2025, sai ga shi 12 ga Mayu ƙuri'ar zaɓin farko ta faɗo musu da damar kashi 1.8 cikin ɗari, rabin ɗakin na ihun an shirya ne. Abin da ya ƙara mai amfani shi ne yaron ba zai faɗa ƙungiyar da ba kowa ba, a lokacin akwai Anthony Davis da Dereck Lively a ciki, Klay Thompson a waje, amma Kyrie Irving ya tsinke jijiyar gwiwa a Maris, wato kocinsu na lokacin Jason Kidd zai iya ɗora masa riƙon ƙwallo tun da wuri, daidai wurin da na ce yana da rauni. Ko ya koya da sauri ko ya sha wuya wata uku na farko, ni na fi zaton duka biyun.

Wani abin da ya ɓata min rai, Khaman Maluach, abokin wasan Flagg a Duke. Yaro ɗan Sudan ta Kudu, ya tashi a Uganda, ya fito daga makarantar NBA ta Afirka da ke Saly a Senegal, ya je Olamfik na Faris, ga shi nan a kowane bidiyo na Flagg yana tsaye ƙarƙashin kwando da tsayinsa na sama da ƙafa 7, kuma rabin 'yancin da Flagg ke samu na yawo yana farautar bulok saboda ya san akwai wannan ƙaton a bayansa ne. Ko minti biyar Maluach bai samu a wajen Koci ba. Dylan Harper na Rutgers ya samu dare guda, VJ Edgecombe na Baylor ma haka, namu na gida an ce sai wani sati. Hanyar da Maluach ya bi ita ce wadda yaron Nima zai iya bi, ba ta Maine ba.

Ga mai son zuwa, ka zauna layi uku na gaba in kana son jin magana, Hausa yake yi amma in ya ɗau zafi sai ya haɗa da Twi da burokin, kuma yana amsa tambaya in ka nace. Daren diraf ɗin 2025 sun ce za su buɗe, ƙarfe takwas na New York sha biyun dare ne a nan, zagayen farko kuma ba ya ƙarewa da wuri, don haka na Madina da Ashaiman sai sun shirya inda za su kwana, tirotiro ba ya jiran kowa a wannan lokacin.