Gwajin ƙwaƙwalwa na EEG a wata cibiya a Kano: hannu mai kyau, tsari mai gajiyarwa

Likitan yara ne ya rubuta mana takardar EEG, wato gwajin naɗar lantarkin ƙwaƙwalwa, ya ce mu je duk inda ake da na'urar. Muka zaɓi wata cibiyar gwaje-gwaje mai zaman kanta a cikin Kano don a can ba a jiran layi na makonni. Gwajin kansa an yi shi da kyau ƙwarai. Abin da ke gabansa da bayansa ne sai a hankali.

'Yata shekararta 7. Tana cikin magana sai ta tsaya cak, ido a buɗe, kamar daƙiƙa goma, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya ba ta san an yi komai ba. A boko malamarsu ta ce wasa ya yi mata yawa, a Islamiyya hadda ta ƙi zama, a gida kuma wasu suka ce iska ne. Ba ta faɗuwa, ba ta fizge-fizge, ba kumfa a baki, don haka babu wanda ya kawo farfaɗiya a ransa sai likitan.

Ƙorafina na farko kan mai ɗaukar waya ne. Na kira na tambayi kuɗi da lokaci, ya faɗa mini, amma bai ce uffan kan gashi ba. Muka je da sabon shuku ya sha man kitso, aka ce sai an tsefe, an wanke kai da sabulu, ba a shafa komai ba. Muka juyo gida, kuɗin adaidaita da na mai kitso duk sun tafi a banza. Cibiyar da ke karɓar 'yan matan Hausawa kullum ya kamata wannan ya zama maganar farko da za ta fito daga bakin ma'aikacinta.

Da muka koma, mace ce ta karɓe mu a ɗakin gwajin, kuma ita ce dalilin da ya sa zan iya tura wani can. Ni tela ce, saboda haka da ta zaro tef ɗin awo sai na gyara zama. Ta auna daga karan hanci zuwa tudun ƙeya, ta auna daga kunne zuwa kunne, tana ɗiga alama a kashi 10 da kashi 20 cikin ɗari na tsawon. Haka ƙa'idar take a duk duniya, in ji ta, don kowace wayar na'urar ta zauna a gurbi ɗaya ko kan yaro ƙarami ne ko babba. Ba ta yi awon ido ba ko sau ɗaya. Sannan ta goge kowane gurbi, ta manna ƙananan faifai wajen ashirin da wani farin abu mai danƙo.

Yarinyar ta ga wayoyi ta fara raurau da ido. Ma'aikaciyar ta ce, "'Yan mata, ba wuta za mu sa miki ba, taki wutar za mu saurara." Ni ma ta juyo ta yi mini bayani: ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, kusan biliyan 86, da ɗan lantarki da sinadarai suke aika wa juna saƙo, abin da ke isowa fatar kai kuwa bai wuce 'yan kaso cikin miliyan na volt ɗaya ba. Shi ya sa ta sa na kashe wayata, ta zare cajar da ke jikin bango. Ko ƙifta ido ko tauna haƙori sai ya fito a allon kwamfuta. An ɗauke wuta muna tsaka da aiki, na'urar ba ta ko gezau ba don tana kan batir, amma fanka ta tsaya, ɗakin kuma ba taga.

Wajen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na numfashi. Ta riƙe 'yar takarda a gaban bakin yarinyar, ta ce ta yi ta hura ta da ƙarfi har minti 3. Ba a kai ƙarshe ba hurawar ta tsaya, idon ya kafe, fatar idon tana ɗan rawa. A allo, layukan da ke tafiya a hankali kowanne da hanyarsa sai suka tashi gaba ɗaya suna hawa da sauka tare. Ma'aikaciyar ta ce da ƙarfi, "Tumatir!" Da abin ya sake ta, layukan suka kwanta, aka tambaye ta me aka ce. Ta ce ba a ce komai ba. Abin da aka yi ta yi mata faɗa a kansa ke nan, ga shi a rubuce. Daga baya aka haska mata fitila mai walƙiya, wannan bai tayar da komai ba. Naɗar lantarkin ita kanta ba ta wuce rabin awa ba, manna wayoyin ya fi ta cin lokaci.

Na matsa ta gaya mini abin da ta gani, ta ce, "Maman yarinya, karatun na likitan ƙwaƙwalwa ne, nawa ɗauka." Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarta. Matsalar ita ce likitan ba kullum yake zuwa ba. Alkawarin 'yan kwanaki aka yi mini, ya zama zarya, kuma ba mai kiran mutum ya ce an ɗaga. Da takardar ta fito, Turancin asibiti ce zalla, aka miƙo ta a ambulan ba bayani.

Likitanmu ne ya warware. Ya nuna mini inda aka rubuta cewa tsinin da layukan nan suka yi a allo yana maimaituwa sau 3 a kowace daƙiƙa, ya ce wannan ce shaidar farfaɗiyar ɗaukewar hankali ta yara. Akwai wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa, talamus, da ke musayar saƙo da ɓawon saman ƙwaƙwalwar. Idan su biyun suka kama kiɗa ɗaya, sai sani ya yanke na ɗan lokaci. Yawanci wannan farfaɗiyar tana farawa tsakanin shekara 4 zuwa 10, kuma yara da yawa suna rabuwa da ita in sun tasa. A nan na ga amfanin kuɗin da na biya, domin ya ce maganin carbamazepine, wanda ake ba masu wasu nau'o'in farfaɗiya, yana iya ƙara tsananta irin wannan. Sodium valproate ko ethosuximide ake amfani da su. Wanda ya tsallake gwaji ya nufi kemis yana iya sayo wa ɗansa ƙarin ciwo. Ya kuma ja kunnena cewa EEG na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, idan bai motsa ba lokacin naɗa, shi ya sa yake so iyaye su ɗauki bidiyon yaro a waya in abin ya zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina tashin ciwon in an gano shi an ba su maganin da ya dace. Na'urar ma ba sabuwa ba ce, tun 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara naɗar lantarkin ƙwaƙwalwar mutum, amma har yau sai an yi cigiya kafin a san inda take a gari.

Kuɗin ba na wasa ba ne, kuma sai an biya kafin a shiga. In an ce a sake gwajin can zan koma saboda matar nan. Mai niyyar zuwa ya tsefe kitso tun a gida, ya tafi da ɗankwali don danƙon ba ya fita sai an yi wanka, kuma kafin ya biya ya tambayi ranar da likitan karatun ke shigowa.