Fim ɗin giwaye a sinima: ya yi kyau, amma ba na kowane yaro ba ne

Duk mai niyyar kai yara kallon fim ɗin namun daji a sinima, ya fara duba shekarunsu. Ranar Asabar da hantsi na kai nawa biyu wani gidan sinima da ke cikin babban kanti a Abuja, ana nuna fim kan rayuwar wani garken giwaye a gandun dajin Amboseli na ƙasar Kenya. Babbar shekararta bakwai, autan kuwa huɗu.

Hoton dai sai wanda ya gani. Ga dutsen Kilimanjaro a baya da ƙanƙara a kansa, ga giwaye sun cika bango guda. Ana ganin tsagar fatarsu da busasshen taɓo a ciki, har gashin ido. Akwai inda jaririn giwa ke koyon sha da hancinsa, ya kasa, sai ya durƙusa ya kafa baki a ruwan. Yaran zauren gaba ɗaya suka kwashe da dariya. A waya ba za ka taɓa samun wannan ba.

Babbar ta ƙaru sosai. Ta ji cewa giwa na ɗaukar ciki wata 22, kuma jaririn kan kai kilo 100 ranar da aka haife shi. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne tsohuwar mace ce ke jan garken, ita ke tuna inda ruwa yake lokacin fari, toron kuwa da ya balaga yake barin dangi. Ta matso kunnena ta ce, "Umma, ashe kakarsu ce sarki?" Daga baya na gaya mata muna da namu giwayen a Yankari, jihar Bauchi, yanzu kullum tambayarta yaushe za mu je.

Autan ne ya sha wahala. Kafin fim ɗin ya fara sai da aka sako tallan wasu finafinan manya masu harbe-harbe, da ƙarar da kujera ke rawa. Tun nan ya haye cinyata ya toshe kunne. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai: an san yara ne a zauren, me ya hana a rage murya, a cire irin tallan nan? Sanyin na'ura ma ya yi yawa, da mayafina na lulluɓe shi.

Sai kuma aka zo wajen fari. Wani ɗan giwa ya faɗi don yunwa, uwar na ta ɗaga shi da ƙafa da haure, bai tashi ba. Da garken ya wuce, kuraye da ungulaye suka sauka. Ban ce a yanke wurin ba, haka dawa take, kuma babbar ta fahimta duk da ta yi hawaye. Amma ɗan shekara huɗu tambaya ɗaya yake maimaitawa, "Umma, yaushe zai tashi?" Da na tambayi mai sayar da tikiti tun farko, cewa ta yi, "Hajiya, na yara ne, ba komai a ciki."

Bayanin da Turanci ne, kuma mai maganar na sauri, don haka ni ce tafinta cikin raɗa har aka tashi. Gugguru da lemo sun yi tsada, gara yara su karya a gida. Ma'aikatan zauren kam sun kyauta. Ɗaya ya haska mana hanya da tocila, ya mayar da mu kujerun gefe kusa da ƙofa don in riƙa fita da yaron.

Zan sake kai babbar in an kawo irinsa, da rigar sanyi, mu zauna can baya nesa da lasifika. Autan sai ya kai shida. Masu gidan kuma ina roƙonsu su rubuta a jikin allon talla cewa akwai mutuwar dabba a ciki, kowace uwa ta yanke shawara kafin ta biya kuɗi.