Ƙaramin asibitin mazaɓarmu: damina biyu ina lura da shi

Ina koyarwa a firamare a wani gari na ƙasar Argungu. Yarana huɗu, kuma babu wanda bai taɓa kwanciya a kan bencin ƙaramin asibitin mazaɓarmu ba, saboda haka maganar wurin nan ba labari aka ba ni ba. Wata ƙawata da aka yi wa mijinta canjin aiki zuwa nan ta tambaye ni ko wurin ya isa a dogara da shi, ko kuwa ta riƙa wucewa babban asibiti kai tsaye. Amsar da na ba ta ce nake son in faɗaɗa, don na san ba ita kaɗai ke da tambayar ba.

Ginin ba abin kallo ba ne. Ɗakin ganin marasa lafiya, ɗakin haihuwa mai gado biyu, ɗan ɗakin magani, sai rumfar kwano a waje inda mata ke jiran awo. Ma'aikatan dindindin uku ne: babban jami'in da kowa ke kira Malam, ungozoma ɗaya, da wani saurayi mai allurar rigakafi. Likita babu, kuma ban ɗauki wannan aibi ba, aikin irin wannan wuri shi ne awon ciki, haihuwar da ba ta zo da gardama ba, allura, gwajin jini na masassara, gudawa, da gane abin da ya fi ƙarfinsu su tura gaba da wuri.

A da ko wannan ba a samu. Shekarar ambaliya, 2020, lokacin da ruwa ya cinye shinkafar fadama, na goyo ɗana na biyu jikinsa kamar garwashi, na iske ƙofar a garƙame tun kafin la'asar. A shagon mai magani na ƙare, ya haɗa mini ƙwayoyi a leda ba gwaji ba komai. Allah ya tashi yaron, amma na daɗe ban sake taka wurin ba.

Abin da ya dawo da ni zama ne aka kira. An farfaɗo da kwamitin raya mazaɓa, aka ce ana son mata a ciki, ni kuma uwar adashi ce a unguwarmu, sai aka sa sunana. Ranar zaman farko a zauren uban ƙasa na je da zaton za a karanto mana takarda ne a raba ruwan leda a watse. Sai na ga Malam ya shimfiɗa bayan wata tsohuwar kalanda a kan tabarma, ya zana gulbi, ya ce kowane mai unguwa ya nuna inda mutanensa suke. Aka sa tungayen masunta na tsallake, aka sa rugagen Fulani, aka sa bukkokin da masu noman rani ke komawa su tare har a yanke shinkafa. Nan take aka gane akwai tunga biyu da ba sa cikin takardar asibiti sam, mai allura bai taɓa sanin da su ba.

Daga nan aka bi shekara daki-daki, yadda manomi ke bin ta. Rani da bazara, lokacin ƙyanda da sanƙarau. Farkon damina, gudawa da amai, saboda rijiyoyi sun ɗauki ruwan sama. Marka zuwa kaka, masassara. Aka ce kowane lokaci me ake bukata, wa zai kawo, wa zai tambaya idan bai zo ba. Sarkin ruwa ya ce hanyar tsallake tana yankewa da zarar marka ta sauka, saboda haka a kai wa tungaye allurarsu kafin nan, in kuma an makara kwalekwalensa yana nan. Shugaban 'yan kabukabu ya ba da lambobin mutum huɗu da za a iya bugawa ko da tsakar dare idan naƙuda ta tashi. Liman da wanzami aka ɗora wa sanar da haihuwa, tunda ba a raɗa suna ba tare da ɗaya ba, ba a askin suna ba tare da ɗayan ba. Duk jaririn da aka yi wa suna, mai unguwa zai rubuta shi a littafi ya miƙa asibiti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar tsohuwar ungozomar garinmu. Ta gyara lulluɓi ta ce, “Allah ya ja zamaninka, ranar da kuka sa ta allura ranar kasuwa ce. Maza sun tafi, babu wanda za a tambaya izinin fita, masu fura da ƙosai kuma suna bakin sana'a. Ɗiyan wa za a kawo?” Uban ƙasa ya dubi Malam. Malam ya ce, “Inna, gaskiyarki, shekaru muna zargin mata da ƙin zuwa, ashe ranar ce.” Aka matsar da ita zuwa washegarin kasuwa, lokacin da kowa ke gida kuma akwai ɗan kuɗin mota a hannu. Wannan gyara bai ci ko sisi ba, kuma yanzu ranar allura rumfar nan cika take har mata su zauna a gindin darbejiya.

Sa hannun sarakuna a harkar lafiya ba a garinmu aka fara shi ba. Duk wanda ya yi wayo ya tuna yadda aka ƙaurace wa ɗigon shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003, da yadda abin ya sauya bayan an kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Sai a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Abin da na gani a zauren nan shi ne wannan darasi ya sauko har tabarmar mai unguwa, kuma ya wuce shan-inna kaɗai.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne masassarar damina. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mafi yawa a duk Najeriya. Mu da ke kwana tsakanin fadama da gulbi ba mu yi mamaki ba. Maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata cikin damina ya daɗe yana zuwa, sai dai a da baƙi ke kawo shi, a miƙo ta ƙofa a wuce, wasu gidajen ma su tura shi ƙarƙashin katifa. Yanzu kwamiti ke zaɓen masu rabawa, kuma 'yan unguwa ne. Wadda ta shigo gidanmu ɗalibata ce a da. Mai yekuwa ya riga ya zagaya da daddare, don haka ta iske yara a gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Malama, a ba ni ludayi da ruwa mai kyau.” Ta narkar da ƙwaya biyu na ranar farko, ta tsaya har yaron ya haɗiye, ta jira ta ga bai amayar ba, sannan ta bar mini na gobe da na jibi, ta cika kati, ta yi alama da alli a bango. Kwana uku bayan nan wata uwa daga unguwar ta leƙo ta ce in nuna mata fankon takardar maganin.

Autata kuma ta zo a sa'a. A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 a Najeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ana yin ta a wata 5, da 6, da 7, sannan ta huɗu a wata 15. Duk ukun farko a nan ta same su, daga firjin nan mai aiki da hasken rana, ba a karɓi kuɗina ba, kuma mai allurar bai gaji da nanata mini cewa allura ba ta ɗauke wa yaro kwana cikin gidan sauro ba.

To amma ƙawata gaskiya ta nema, kuma ga inda wurin ke ciwo. Ungozoma ɗaya ce tal. Ranar da ta tafi ganin gida, ko aka kira ta taro a hedikwatar ƙaramar hukuma, ɗakin haihuwa rufe yake. Matar ƙanen mijina ta tashi da naƙuda irin wannan dare, ɗan kabukabu ya zo cikin minti kaɗan kamar yadda aka yi alkawari, aka isa aka iske babu mai karɓa, sai da aka nemi mota zuwa babban asibiti. Ta sauka lafiya, amma da jini ya ɓalle a hanya fa? Tsarin sufuri ya yi aiki, wanda za a kai wa ne babu.

Magani ma yakan yanke, kuma daidai tsakiyar marka, lokacin da aka fi nemansa. Za a yi wa yaro gwaji kyauta, a jira kwata ɗin awa, layi biyu su fito, alamar akwai zazzaɓin cizon sauro, sannan a rubuta takarda a ce a je a saya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don irin waɗannan asibitoci, kuma an gaya mana namu yana cikin masu samu. Na roƙa sau biyu a riƙa liƙa takardar abin da ya shigo da abin da aka kashe a jikin bango, inda kowa zai gani. Ba zargin kowa nake ba, Malam na sha ganinsa yana sayen safar hannu da kuɗin aljihunsa. Amma mutanen da aka ce su kawo kwalekwale da babur da lokacinsu suna da haƙƙin ganin lissafi. Ga kuma bayan gida guda ɗaya na maza da mata, wanda mai ciki ba ta shigarsa sai dole. Mu mata biyu ne kawai a kwamitin, alhali duk wanda ke zaune a rumfar nan mace ce da goyo.

Abin da na ce wa ƙawata shi ne ta kai yaranta allura nan, ta yi awonta nan, masassara da gudawa ma ta fara da nan, ta je da sassafe da katinta. Haihuwa kuwa, tun cikin yana wata takwas ta karɓi lambar ungozoma, ta tanadi kuɗin mota a ƙulle gefe. Zaman kwamiti na gaba kafin saukar ruwa ne, kuma ni da Inna mun shirya za mu nemi uban ƙasa ya rubuta wa ƙaramar hukuma a kan ungozoma ta biyu. Gidan da za ta zauna ma wani dattijo a bayan asibitin ya riga ya ce zai bayar da ɗaki biyu.