Injin tace mai ko injin cure ɓawon gyaɗa: wanne za ka fara saya?

Ƙanena, ka tambaya wanne za ka fara saya wa sana'arka ta matsar man gyaɗa: sayi injin tace mai. Abin da ya rage a hannunka ka sayi sikeli mai kyau, sannan ka kira makaniki ya buɗe maka cikin injin matsarka. Injin cure ɓawo ya zama makamashi, wanda ka haɗa su a tambayarka, bar shi tukuna. Duka biyun na saya da kuɗina. Ɗaya ko yau da safe ya yi aiki, ɗayan yana lulluɓe da tamfol a bayan rumfa.

Na san abin da ya kai hankalinka kan ɓawo, don ni ma shi ya ɗauki nawa. Ido na ganinsa. Kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin gyaɗar da ba a ɓare ba ɓawo ne, ga shi ba nauyi sai cin wuri. Ka ɓare buhu goma fili ya cika, iska ta kwasa ta kai gidajen maƙwabta, damina ta sauka ya jiƙe ya hau wari. Sai mutum ya ɗauka nan asararsa take. Amma ba don ɓawo ka biya kuɗin gyaɗa ba, don mai ka biya, kuma man da ke salwanta ba ya yin tsibi a tsakar fili balle ka gan shi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, awon gyaɗa ya yi zamanin Sonara, kamfanin da aka kafa a 1962 don cinikinta, lokacin da ita ce kan gaba cikin abin da Nijar ke fitarwa waje, kafin farin 1973 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 su karya noman. Bai taɓa yarda da buhu ba sai ya hau sikeli, ko na ɗan ɗakinsu ne. Shekarar da na ga ina aiki dare da rana riba ba ta zama, halinsa na tuna. Na sayi littafi na jika guda ba ta cika ba, na yi mako ina rubuta komai: kilo nawa na gyaɗa ya shiga suya, nawa ya fito, mai nawa, tunkuza nawa, lakar gindin tano nawa, har abin da yara ke sharewa a ƙasa sai an auna. Mitar wuta ina karanta ta safe da yamma, itace ina ƙirga dami. Abin da ya shiga dole ya fita ta wata ƙofa, in lissafi bai haɗu ba akwai ƙofar da ba ka sani ba. Daga baya na ji cewa wannan shi ne matakin farko da hukumar ONUDI ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke koya wa masana'antu tun tsakiyar shekarun 1990: a auna, a toshe ɓarna daga tushe, sai abin da ya gagara toshewa a nema masa wani amfani. Tace mai da gyaran injin matsa toshewa ne daga tushe. Cure ɓawo neman amfani ne ga abin da ya riga ya fito. Ni na fara da na biyun, shi ne kuskurena.

Ga lissafin da za ka iya yi a kan takarda yanzu. Ɓararriyar gyaɗa mai kyau, kashi 45 zuwa 50 cikin 100 nata mai ne. Mu ɗauka kilo 100 na ɗauke da kilo 48. In injinka na barin kashi 14 na mai a cikin tunkuza, kusan kilo 8 da rabi ke nan suka tafi. In ka gyara shi ya koma kashi 8, kilo 4 da rabi ne za su tafi. Bambancin kilo 4 ne, a tan guda kilo 40, wato lita 44 ko kusa da haka, saura kaɗan ya cika bido biyu masu lita 25. Wannan man ba zubewa ya yi ba, sayar da shi kake yi a farashin tunkuza. Mata masu ƙuli-ƙuli sun san da shi sarai, shi ya sa suke rububin tunkuzar wanda injinsa ya gaji. Murɗaɗɗen ƙarfen da ke cikin injin yana cinyewa a hankali, musamman in gyaɗa na zuwa da yashi da tsakuwa, kuma gyaɗar ƙasarmu mai rairayi ba ta rabuwa da su sai an tankaɗe. Mai walda da ya san aikinsa zai cike maka shi ya goge, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon inji ba a lokacin da na yi nawa. Matse tunkuzarka a tafin hannu: in ta bar maiƙo tana laushi kamar tuwo, lokacin gyara ya yi tuni.

Wannan ƙofa ta farko ce, kuma filta, wato injin tace mai, ba ta toshe ta, kada wani ya ruɗe ka. Ƙofa ta biyu ita ce tata.

Kafin na same ta, a tano nake zuba mai in jira ya kwanta, kwana huɗu, wani lokaci mako in ana sanyi. Tano shida a jere, kuɗina na kwance a ciki ba sa motsi, ƙura na shiga duk da murfi. In an kwashe na sama, sai a tarar da laka ta kai taki guda a gindi, rabinta mai ne, in sayar wa masu sabulu a wulaƙance. Ranar da aka ɗaura filtar, famfo ya tura ɗumamen mai ta cikin faranti da ƙyalle, sai ga shi yana zuba ta ƙananan bakuna garau kamar zuma. Akwai wata Hajiya mai tuyar ƙosai a Sabon Gari da ta fi shekara goma tana sayen maina. Ta zo da yamma, ta ɗaga kwalba ta kalli rana ta cikinta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Bayan kwana biyu ta aiko jikanta da kwanon ƙosai da saƙo: mai ya daina kumfa a kasko, ya daina baƙi da wuri, a ajiye mata bido biyu duk mako. Ita ta kawo mini ƙawayenta uku ba tare da na roƙa ba. Har yau in na ji ƙarar famfon nan da asuba, zuciyata sanyi take yi.

Abin da ya maƙale a ƙyallen kuma ba shara ba ne. Ana kankare shi a gauraya da sabuwar gyaɗa a mayar cikin injin matsa, man da ke cikinsa ya fito, sauran ya bi tunkuza. Tano shida sun koma biyu, man da aka matsa da safe ana sayar da shi kafin la'asar.

In ka jera su gefe da gefe, dubi wuta tukuna. Filta ƙaramin famfo ne, ƙaramin janareto ma yana ɗaukarta. A watan Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, garin nan ya shiga duhu, filtata ba ta tsaya ba. Injin ɓawo babbar motar lantarki gare shi mai layin wuta uku, in ka ce da gazuwal za ka juya shi, kuɗin man ya cinye ribar kafin ka ɗaure buhun farko. Dubi kayan gyara: filta ƙyalle take ci, tela zai yanka maka in ka samu yadi mai kauri na auduga, a wanke a shanya a mayar. Injin ɓawo ƙarfen bakinsa ke cinyewa, don ɓawo da yashinsa kamar magagari suke, kuma watannin da iyakar Ɗan Isa, tsakanin Nijar da Najeriya, ta kasance a rufe har zuwa Maris 2024 ko alamar kayan ban gani ba. Dubi lokaci: mai ana tace shi duk ranar da aka matsa, ɓawo kuwa na kaka ne, in rani ya yi nisa ɓararriya kake saye a kasuwa, ba ka da abin curewa. Sai babba, kasuwa. Tataccen mai da mai sayensa ya riga ya san ƙofarka. Curin ɓawo sai ka bi gida gida kana roƙon mace ta bar gawayin da ta saba da shi, ta ce yana hayaƙi, yana toka, ya marmashe a buhu.

Ba zan ce ba shi da amfani ga kowa ba. Wanda ke ɓare tan-tan duk shekara, yana da tsayayyar wuta, kuma wani gidan burodi ya yi masa alkawarin saye, ya gwada.

Ɓawona yanzu ba ya kwana. Magini ya gyara mini murhun suya, ya sa raga ta ƙarfe a ƙasa don iska ta shiga, ya ɗaga bututun hayaƙi. Ɓawon ake zubawa kaɗan kaɗan yana ci kamar yadda yake, ba curi ba komai, itacen da nake saye ya ragu ƙwarai. Wannan yana yi mini daɗi har rai, don manoman jihar nan sun sha wahala tun shekarun 1980 suna raya gawo da sauran itatuwa ta sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi ya girma, bai kamata mu masu suya mu ƙone wahalarsu ba. Ragowar masu kiwon kaji ke kwasa su shimfiɗa a ɗakunan kaji, toka kuma amalanke ke kai ta gona.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka batun dillalai. Wanda ya sayar mini da injin ɓawo bidiyo ya turo ta WhatsApp, inji na aiki curi na fita sumul. Da kaya suka iso sai ga tsohon ƙarfe an shafe shi da sabon fenti, motar an sake naɗa ta, ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba nata ba ne. Filta ma ana yi mata wannan. Kada ka tura kafin alƙalami a kan hoto. Je ka da makanikinka da bido guda na ɗanyen manka, don wasu tataccen mai suke zubawa su nuna maka. A kwance faranti ɗaya bayan ɗaya a gabanka, ka duba tsagewa da wurin da aka like, ka tabbata babu fenti a gefen da mai ke taɓawa. A bar ta ta yi awa guda tana aiki, ka ɗora hannu a kan motar, in ba ka iya barinsa kada ka saya. Tano ma ka shinshina, akwai masu wanke na maganin ƙwari ko na baƙin mai su ce na abinci ne. Rasit ya ɗauki sunan mai shago da lambar injin.

Abu guda da filta ba za ta yi maka ba shi ne gyara ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, suya ba ta kashe ta, kuma mafi yawanta a tunkuza take zama, wadda yaranmu ke ci a ƙuli-ƙuli. Mata biyu na ɗauka suna tsince baƙa da motsattsiya a kan tabarma kafin suya, buhuna kuma a kan katako suke, ba sa taɓa ƙasa ko bango.

Ka yi awon mako guda kafin ka fitar da ko dala a kan inji, ka turo mini lambobin. Ka sayi filtar da faranti 12 ko sama da haka in kana matsa fiye da rabin tan a rana, da ƙyalle saiti biyu don ɗaya na bushewa ɗaya na aiki. In kana son ganin tawa tana aiki, zo ranar Asabar da hantsi, lokacin muke tacewa.